Tarwaɗar Baba a Gaban Madam

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, kuma ko na so in manta mutanen Madarumfa ba za su bari ba. Har yau idan na bi ta bakin tabki sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Mai Tarwaɗa, an fito?" Ni kuwa amsawa nake yi, don ba satar sunan na yi ba, da gumina na samo shi. Sai dai tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har wasu na cewa wandona ya faɗi, na ga gara in rubuta shi da kaina, daki-daki, kowane abu a wurinsa.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin gona a Maraɗi. Cikin shekarun casa'in ne, sa'ad da gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya gama lakwal, wato karatun boko, waɗanda ke cikin aikin ma sai su yi wata da watanni suna leƙen albashi. Idon kowa ya koma kan furoje, wato ƙungiyoyin nan masu fararen motoci da ke haƙa rijiyoyi suna raba iri. Sai direktan makarantarmu ya gayyato su, ya ce su zo rana guda, kowace ta kafa teburinta a babban zauren makaranta, ɗalibai su bi tebur-tebur suna gabatar da kansu. Wanda aka yaba da shi ya sami aiki.

Ni tebur ɗaya kaɗai nake so. Akwai furojen da zai buɗe aikin lambuna a gewayen tabkinmu, kuma mutum ɗaya suke nema. In na samu, gida zan koma in yi aiki kusa da Baba, wanda masunci ne, shekaru sun fara kama shi, gwiwarsa ba ta son sanyin ruwa. Ni ne babba a gida. Ba sai na yi dogon bayani ba.

Direkta ya tara mu ya koya mana yadda ake yi. A shiga da tufafi masu kyau. A miƙa hannu a gaisa ba tare da durƙusawa ba. A dubi mutum cikin ido. A faɗi abin da aka iya ba kunya. Daga ƙarshe ya buga tebur ya ce, "Duk wanda ya zo wa baƙina da wani abu a hannu, ko goro ɗaya ne, na cire sunansa. Ba ƙauye ba ne nan." Na gyaɗa kai da ƙarfi, don ni mutum ne mai son doka. (Abokan karatuna Kumandan suke ce mini, saboda ni ne mai jera takalman ɗakin kwana bisa tsawonsu.)

Aka ba mu hutun 'yan kwanaki mu shirya, na tafi gida. Na tsara abin a kaina: na farko tufafi, na biyu takardu, na uku magana.

Tufafi na samo wurin Sale, ɗan kawuna, mai sayar da bosho, wato gwanjon tufafi, a Ɗan Issa. Ya zaro mini kostim baƙi mai kauri, da karabat ja na ɗaurawa a wuya, da wata babbar sakoshi, wato jakar fata, mai aljihu biyu. Rigar ta zauna mini daidai. Wandon kuwa, da alama mai shi na farko bai taɓa sanin yunwa ba, don ni da Sale za mu iya shiga ciki tare. Na ce a rage shi. Sale ya dafe ƙirji ya ce, "A rage? Aro na ba ka fa, Kumandan. In tela ya taɓa shi wa zai saya? Ga sentir nan, ɗaure." Ya miƙo mini wani tsohon sentir, abin ɗaure ƙugu, da fatarsa ta tsattsage. Na duba, na ga tsagar, na karɓa. Ku riƙe wannan sentir a ranku, za mu komo kansa.

Takardu ba su ba ni wahala ba. Na jera su, na sa a leda, na sa ledar a wata ledar.

Magana ce ta so ta jawo mini rigima a gida. Kullum da hantsi nakan tafi bayan lambuna in tsaya gaban wata bishiyar mangwaro in miƙa mata hannu in gaya mata da Faransanci cewa ni mutum ne mai himma da kiyaye lokaci. Mangwaro ba ta da ido, don haka na ce bari in gwada kallon ido a kan mutum. Da muna cin tuwo na ƙura wa Baba ido, ban ƙifta ba. Ya kai loma baki, ya dube ni, ya ajiye hannu.

"Ɗan lakwal, idonka na ciwo?"

Na ce, "A'a Baba, koyo nake. Haka ake duban manya a wurin neman aiki."

Ya ce, "To. Ka bari sai ka kai can. Nan gidana ne."

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, na shirya tsaf. Na fito tsakar gida cikin kostim, ƙannena mata suna leƙe suna toshe baki. Sai ga Baba ya shigo daga tabki, wandonsa jiƙe har cinya, riƙe da buhu. Ya buɗe mini bakinsa. Tarwaɗa ce, baƙa, mai sheƙi, tsawonta ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu har da ƙari, gashin bakinta na motsi. Na girma a gidan masunci, amma irinta ba kullum ake gani ba. Ashe tun da na zo hutu yake fakonta a wani rami da shi kaɗai ya sani.

Ya ce, "Ka kai wa mai ba da aikin. Ka ce ubanka na gaishe shi."

Na ce, "Baba, an hana. Direkta ya ce ko goro."

"Ai ba goro ba ne wanga."

"Za su ce cin hanci ne."

Ya tsuke fuska. "Cin hanci a ɓoye ake bayarwa. Wanga gaisuwa ce. Za ka tahi gaban babban mutum hannu biyu wayam, kamar ba ka da kowa? A ce ɗan wa ne?"

Na dubi gwiwarsa, na dubi jiƙaƙƙen wandonsa. Sai na yi abin da na iya, wato tsari. Na ce a raina: da na sauka Maraɗi zan fara biyawa gidan gwaggona, inda nake cin abincin Juma'a, in ba ta kifin, sannan in wuce makaranta hannuna tsarkakakke. Baba ya ji daɗi, doka ta tsaya, gwaggo ta sha romo. Kowa ya san tarwaɗa tana daɗewa da rai in an naɗe ta cikin jiƙaƙƙen buhu, kuma muddin tana cikin duhu a matse, lamo take yi. Baba ya ɗaure bakin buhun da igiyar taru, ƙulli mai kyau, ya miƙo mini. Na ce na gode. Tsarin nan ba shi da aibi ko ɗaya, har gobe ina nan a kan bakana.

Motar ce ba ta san da tsarin ba. Wata tsohuwar akori-kura muka shiga, da mata masu tumatir da wani tsoho mai akuya. Mun yi nisa kaɗan ta yi tari ta mutu cikin yashi. Direba ya leƙo ya ce, "Maza a sauko a tura. Kai mai karabat, har da kai, ba ministan kowa ba ne kai nan." Na sauka. Na sa kafaɗa, na yunƙura da dukan ƙarfina, don so nake mu isa da wuri. Sai na ji wani abu ya ce ɗas a ƙuguna. Sentir ɗin Sale ya rabu biyu.

Na yi maza na cafke wandon da hannu ɗaya. Wata mai tumatir ta ce, "Riƙe da kyau, ɗana, akwai 'yan mata a motar." Aka kwashe da dariya.

Da muka koma mota na zauna na auna lamarin. Ba zan shiga zaure hannu ɗaya riƙe da wando ba, don da wane hannun zan gaisa, da wane zan miƙa takardu? Igiya nake bukata. Na tambayi tsoho mai akuya, ya ce in ya kwance ta ni zan riƙe masa akuyar har Maraɗi? Igiya ɗaya ta rage a duniya, ita ce ta bakin buhun Baba. Na kwance ta, na zura a wando, na ɗaure, na rufe da riga. Bakin buhun kuma na murɗe shi na danne da ƙafa. Ai gidan gwaggo kawai za a kai.

Motar ta ƙara mutuwa, aka ƙara turawa. Kafin mu shiga Maraɗi rana ta take. Gidan gwaggo yana can ƙarshen gari, makaranta tana nan kusa da tasha. In na je wurinta an tashi taro.

Na san abin da za ku ce. Me ya hana ka ba direba? Me ya hana ka bar wa mai gadi? Me ya hana ka jefar? Zan amsa bi da bi. Direban da ya ce mini ba ministan kowa ba, ba zai ci kifin ubana ba. Mai gadin makaranta kuwa, duk abin da ya gani da safe direkta ya ji shi kafin azahar. Batun jefarwa kuma, wanda ya faɗe shi bai ga Baba ya shigo da asuba yana ɗingishi ba. Na raɓe bayan wata rumfa, na naɗe buhun, na cusa shi cikin aljihu ɗaya na sakoshi, takardu suna ɗayan, na ja zip. Sakoshin ta kumbura kamar ta babban ma'aikaci. Har na ji wani girma ya shige ni.

Zaure ya cika. Tebura a jere, kowanne da allonsa, fanka na juyawa a sama, ɗalibai sun sha guga suna ta zufa. Hamisu, wanda muke kujera ɗaya a aji, kuma shi ma teburin da nake so yake so, ya dubi sakoshina ya ce, "Kumandan, duk takardun diflom ne a ciki? Ka bar mana ko ɗaya mana." Na ce masa kowa ya ji da kansa.

Layi ya zo kaina. Mai teburin mace ce, wata madam daga Yamai, da tabarau da lallausan gyale, ga kofin ruwa a gefenta da tarin takardun waɗanda suka riga ni. Na miƙa hannu ban durƙusa ba. Na dube ta cikin ido kamar yadda na yi wa Baba, ita ba ta ce idona na ciwo ba. Ta tambaye ni abin da na sani game da ƙasar bakin tabki. Jama'a, na yi magana. Na faɗi inda laka take, inda yashi yake, lokacin da ruwa ke janyewa, abin da ake fara shukawa da abin da ke biye. Ta cire tabarau, ta ce, "Kai ɗan wurin ne?" Na ce a nan aka yanke cibiyata. Ta yi murmushi ta rubuta wani abu. Na hango direkta daga nesa yana gyaɗa kai. A raina na riga na ga kaina bisa babur ɗin furoje, ina tsayawa ƙofar gida, Baba na zaune a inuwa ba ruwansa da sanyin tabki.

Sai ta ce, "Ba ni takardunka."

Na ɗora sakoshi bisa tebur. (Da a ƙasa na buɗe ta, da yanzu wani labarin ake yi. Amma an koya mana cewa mai neman aiki ba ya sunkuyawa.) Na ja zip. Na sa hannu a aljihun takardu, sai yatsuna suka taɓa wani abu mai sanyi da santsi, mai gashin baki. Buhu ba igiya, tafiya ta yi tsawo, baiwar Allah ta warware kanta ta ƙetara ta kwanta kan ledar takarduna. Na yi sauri in rufe. Haske ya riga ya shiga.

Tarwaɗar nan ta yi wani tsalle da ban taɓa ganin kifi ya yi ba ko a cikin ruwa. Ta faɗo tsakiyar tebur, ta kai wa kofi duka da wutsiya, ruwa ya malale kan takardun mutane. Da ta ji ruwa sai ta ƙara samun rai. Ta murɗa, ta shafe tabarau ɗin madam zuwa ƙasa, ta zame ta sauka a cinyarta. Madam ta ƙwalla ƙara da wani harshe da ba Faransanci ba, kafin in ƙifta ido tana tsaye bisa kujera, takalmi ɗaya a ƙafa. Kifi ya dira ƙasa ya kama hanya tsakanin tebura, yana jan ciki yana wannan gurnani nasu. Masu rijiyoyi suka ɗage ƙafafu. Wani mai raba iri ya yi waje da gudu yana cewa maciji. Daga baya na ji muryar Hamisu ta fi ta kowa: "Wayyo Allah, Kumandan ya zo da mai yi masa shaida!"

Ni ina zaune. Ban san dalili ba, amma hannuna na riƙe da ledar takardu, ina miƙa ta ga kujerar da madam ke tsaye a kai.

Direkta ya iso, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi kifi, ya dubi madam, ya dube ni. Mutum ne mai saurin tunani, ba zan hana masa wannan ba. Ya dafa kafaɗata, ya matse ta da ƙarfi, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Abokanka ne suka saka maka wannan ƙazanta don wasa, ko? Faɗi sunansu."

Na gane ƙofa ce ya buɗe mini. In ce i, in ce ban san da ita ba, makaranta ta fita kunya, madam ta tausaya mini, wataƙila ma aikin ya tsaya. Hamisu ma bakinsa ya riga ya jefa shi cikin zargi, sunansa na kan harshen kowa. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kalmar nan ƙazanta.

Na miƙe na ce, "A'a, Yallaɓai Direkta. Ba wanda ya saka mini. Babana ne ya kamo ta da asubar nan, kuma ba ƙazanta ba ce. Duk tabkin Madarumfa bana ba a fitar da kamarta ba."

Ya ce, "Ka san abin da na ce game da kawo wa baƙi kaya?"

Na ce, "Na sani. Ina wurin."

Madam, tana bisa kujera har yanzu, ta ce, "Wai ni aka kawo wa?"

Na ce, "Baba ya ce in gaishe ki da ita. Ni na yi niyyar kai wa gwaggona, mota ta ɓata mini lokaci. Yanzu kam gwaggo za ta ci."

Daga nan na yi abin da ya rage, kuma na yi shi bisa tsari. Na tuɓe rigar kostim, na ninke ta, na ba Hamisu na ce ya riƙe, kayan aro ne. Na naɗe hannun riga. Na bi tarwaɗa har ƙarƙashin teburin masu rijiyoyi, na danne kanta, na kama ta bayan ƙayoyin nan biyu na gefe, na ɗaga. Na mayar da ita buhu. Na ɗauko tabarau ɗin madam na goge da karabat na ajiye mata. Na karɓi rigata, na ce a gafarce ni, na fita ta babbar ƙofa ina tafiya a hankali. A duk wannan sunkuyo da rarrafe, igiyar Baba ba ta motsa ba. Ina maimaitawa saboda masu ƙarin gishiri: wandona bai faɗi ba.

An cire sunana, kamar yadda aka yi alkawari. Ban yi ƙorafi ba, doka ce, na kuma ji ta da kunnena. Hamisu ya sami aikin. Shekaru ya yi yana wucewa ta ƙofar gidanmu bisa babur ɗin da na riga na hau a zuciyata, kuma duk wucewa sai ya danna oda ya tambayi lafiyar mai shaidata. Gwaggo ta yi farfesu da yamman nan, ta ce tun da aka kawo ta Maraɗi ba ta ci kifi irinsa ba. Na ci, ban ji ɗanɗanon komai ba, amma na ƙara.

Da na koma gida na zauna gaban Baba, kaina a ƙasa kamar yadda ake zama a gidansa, na ba shi labari tun daga sentir har kujera. Ban rage komai ba. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce shi ya jawo mini. Can ya ce, "Mace ce mai ba da aikin?"

Na ce mace ce.

Ya girgiza kai cikin takaici. "Kai ma ba ka faɗa mini ba. Da karfasa na ba ka. Ita ba ta tsalle."

Sannan ya tambaye ni ko da direkta ya ce ƙazanta na yi shiru. Na ce ban yi ba. Ya ce, "To, madalla," ya jawo tarunsa ya ci gaba da ɗinki. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Da na karɓi diflom na kama lambu a bakin tabki, da albasa da tumatir da zogale, ni da ƙannena. Ba babur, ba farar mota, amma cikin 'yan shekaru Baba ya daina shiga ruwa da asuba, wanda dama shi ne abin da na je nema a zauren nan.

Mutane suna so in ce darasin da na koya shi ne kada a kai wa manya kifi. Ban koyi wannan ba, kuma da za a sake, da zan sake amsa wa direkta yadda na amsa. Abin da na koya ƙarami ne: duk tsarin da mutum zai yi, na farko da na biyu da na uku, ya fara duba abin da ke riƙe masa wando. Tun ranar ban ƙara ɗaura sentir ɗin aro ba. Kuma duk inda za ni, ko ɗaurin aure ne, akwai igiya a aljihuna.